Dawon Baƙo

Zuwa gare ki, 'yar fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ko da yake ba ki da bakin amsawa. Na san takardar nan ba za ta kai hannunki ba. Ni ba jahila ba ce, na san addu'a mamaci yake bukata, kuma ina yi miki ita bayan kowace salla. Amma akwai maganar da ba ta shiga cikin addu'a, don ba kyakkyawa ba ce, kuma duk wadda na gaya wa a garin nan, kafin la'asar ta gama zagaya Sabon Birni da ita. Shi ya sa na yago takarda daga littafin ƙanwarki Hadiza na zauna.

Mutanen gida suna lafiya. Babanki ya daina kai kaya Nijar da kansa, gwiwarsa ba ta bari, sai dai ya zauna a rumfa yana aike. Gonar Kurawa bana gefen hanya kawai aka noma, can ciki babu mai shiga, kin san dalili. Hanyar Isa tana nan yadda kika bar ta, mutum ya fita da safe gida ya yi ta salati har ya komo. Hadiza ta gama sakandare. Ta fi ki surutu, ba ta kai ki kai ba, kuma na gaya mata haka a gabanta don kada ta ruɗi kanta. Mutanen unguwa har yau in za su yi zancenki Dakta suke cewa, alhali ba ki kai ga karɓar takardar ba. Ban hana su ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Maganar malamarki ce, Farfesar nan ta Jamus da kika yi shekara huɗu a ƙarƙashinta. Ina kishinta. Na rubuta, kin gani. Mace mai shekaruna, wadda ta koyar da yaran firamare shekara da shekaru cewa hassada tana cin zuciya, tana kishin wata Baturiya da ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

Hoton ma shi ne farkon abin. Kin turo shi a wayar Hadiza, kuna tsaye gaban wani dogon tebur mai cike da madubai da ƙarafa, ta ɗora hannu a kafaɗarki, kina dariya har ana ganin dasashinki. Sau nawa na ce miki ɗiya mace ba ta wage baki haka? A gidan nan ba ki taɓa yi mini irin wannan dariyar ba. Na ce wa Hadiza ta gaya miki ki gyara mayafinki. Abin da na aiko ke nan, amma hoton na sa ta buɗe mini shi ya fi sau goma.

Ke 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba, ban taɓa yabon ki ba ko a bayan idonki. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata, kuma ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Kunya ado ce ga uwa. Amma ita matar nan ba ta san wannan ba. Wasiƙar ta'aziyyar da ta aiko, shafi ɗaya da rabi, ta ambaci sunanki sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Sunan da babanki ya yanka rago ya raɗa, ni da na yi goyon ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ita tana watsa shi a takarda kamar nata ne.

Kina tsammanin ban saurare ki ba ranar da kika yi mana bayanin aikinki, zuwanki na ƙarshe? Ina tsince hatsi a faifai, na juya miki baya, kina gaya wa babanki. Babu abin da ya wuce ni. Kin ce ana ƙona azurfa har ta zama tururi, tururin ya dunƙule ƙanana-ƙanana, kowane dunƙule ƙwayoyin zarra ne 'yan kaɗan, wani gomiya, wani ɗaruruwa, wani dubbai, ido ba ya ganin ko ɗaya. Sai a harbe shi da hasken leza mai tsananin ƙarfi amma gajere ƙwarai. Kin ce da a ce walƙiyar hasken nan sakan ɗaya ce, to ƙiftawar ido sai ta kai shekaru dubbai. Babanki ya yi salati. Kin ce hasken yana girgiza ƙananan abubuwan nan masu ɗauke da lantarki, elektiron, su yi ta kaɗawa tare kamar ruwa a ƙwarya, wasu su zube waje. Ƙwayoyin da aka bari sai su ƙi juna, kowa ya ture kowa, dunƙulen ya kumbura ya tarwatse. Naki aikin shi ne harbi biyu. Na farko ya sa dunƙulen ya fara kumbura, sai a ɗan dakata, a sake na biyu. In an dace da lokaci sai ya sha hasken ninkin ba ninkin, in an yi gaggawa ko an makara, hasken ya wuce kusan a banza. Kina neman ki san tsawon dakatawar.

Kin tuna abin da na ce? Na ce ashe har ƙasar Turawa aka kai ki don ki riƙa fasa azurfa, maƙeran kasuwa suna ƙera ta ke kina ɓarnatarwa, kuma ban ga wanda wannan zai ciyar ba. Kin ɗauki faifan kin ƙarasa tsintar. A raina ina mamakin yadda ɗiyar da na rena a ɗakin nan ta san abin da ke faruwa cikin lokacin da ido bai isa ya ƙifta ba. Amma kina cikin bayanin kin ambaci matar nan sau uku, da sunanta tsirara ba ko Malama, kin ce ita ta koya miki haƙuri. Haƙuri? Ni me na yi shekara goma sha takwas ina koya miki?

Ita ce a asibiti ranar da jinin ya toshe miki huhu. Ita ta riƙe miki hannu. Ita ta nemo matan masallacin garin suka yi miki wanka da sutura, ta ɗaura ɗankwali ta tsaya daga nesa har aka rufe ki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ni kuma in ce amin. Ina faɗin amin ɗin da gaske, ta yi abin da ya kamata. Amma ta san inda kabarinki yake, in ta ga dama yau ma sai ta shiga mota ta je. Ni ko sunan maƙabartar ban iya faɗa daidai ba.

Bayan wata biyu akwatinki ya iso ta hannun wani ɗan kasuwa abokin babanki. Tufafinki, Alƙur'aninki, takalman sanyi, da littafi mai baƙin bango wanda kike rubuta aikinki na kullum. A cikinsa akwai wasiƙa ta biyu daga gare ta. Turancina na sakandare ya tsufa, amma na karanta da kaina, a hankali, ban ba Hadiza ba. Ta ce sun ɗauki hoton kowane shafi kafin su aiko, don aikin naki na watannin ƙarshe yana ciki kuma suna so su fitar da shi da sunanki. Lambobin sun gane. Amma bayanin da ke gefen lambobin da Hausa kika yi shi. Sun nemo wani likita Bahaushe da ke aiki a garin, haifaffen Legas, ya fassara musu. Kalma ɗaya ce ta tsaya musu, ga ta a kusan kowane shafi: dawo. Likitan ya ce musu ma'anarta komowa. Ta ce sun yi murna da farko, don a aikinsu da ma akwai irin wannan, elektiron ɗin da haske ya fizge yakan komo ya bugi inda ya fito. Sai suka ɗauka kin gano komowa iri uku, tunda kin rubuta dawon yara, dawon gida, da dawon baƙo. Sun yi makonni suna neman wane baƙo ne yake komowa cikin azurfa, lissafin ya ƙi fita. Tana roƙo, in akwai wani a gida da ya san yadda kike amfani da kalmar, a taimaka musu.

Na buɗe littafin. Shafin farko da idona ya faɗa, rubutunki ne mai kwanciya gefe, wanda na sha dukan hannunki a kansa bai miƙe ba. Kin rubuta: "Dawon yara ba ya jira. Dawon baƙo sai an yi haƙuri da shi." Ga lambobi a gefe.

Ban san lokacin da na yi dariya ba, ni kaɗai a ɗaki. Farfesa guda da likita guda, da injin da ya fi ɗakin nan girma, curin fura ya gagare su.

Wa ya koya miki dawo in ba ni ba? Tun kina aji uku nake tashin ki ki surfa hatsi kafin makaranta. Mu daka da citta da kanumfari, mu dafa, mu kirɓa a turmi, sannan ki zauna gabana ki cura. A gidanmu kala uku ake yi, kuma ba a gidan kowa ake haka ba, tsarin uwata ne. Ƙanana na yara, wanda za a miƙa wa yaro a hannu. Matsakaita na gida. Manya na baƙo, wanda ake ajiyewa a rufe da faifai ko wani zai sauka. In kika cura na gida ya yi kusa da na baƙo sai in farfashe in ce ki sake, don wanda bai san gwargwado a hannu ba, ba zai san shi a baki ba. Kina kuka kina curawa. Ashe da kika je can kika ga dunƙulen azurfa ƙarami da matsakaici da babba, ba ki sa musu sunan Turanci ba, ba ki sa musu na Jamusanci ba. Ɗakin girkina kika tuna.

To ga laifina, ki ji shi. Na rufe littafin na sa shi ƙarƙashin tufafina, na ce wa babanki wasiƙar gaisuwa ce kawai. Wata huɗu ban amsa ba.

Na gaya wa kaina dalilai. Na ce ba a binciken littafin mamaci. Na ce da kina so su gane da kin rubuta da harshensu. Na ce aikin fasa azurfa ba abin da zai ƙara miki a kabari. Duk ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun ina faɗa. Gaskiyar ita ce na samu abu ɗaya naki da ba ta da shi. Ta samu dariyarki, ta samu shekarunki huɗu mafi kyau, ta samu numfashinki na ƙarshe. Amma ga ta tsaye a ƙofar kalma ɗaya ba ta iya shiga, ni kuma ina ciki. Kin san daɗin da na ji? In na idar da walaha sai in ɗauko littafin in bi shafukan da yatsa, lambobin ba su ce mini komai, amma na san wane ne na yara wane ne na baƙo, ita ba ta sani ba. Na yi kwanaki ina jin kamar kin zaɓe ni.

Sai dai littafin bai bar ni na ji daɗin har ƙarshe ba. A baki dawon fura daban, dawo na kiran mutum daban, ko yaro ba zai haɗa su ba. A takarda kuwa babu bambanci. Wata rana ina dubawa sai idona ya karanta yadda likitan nan ya karanta, kuma daga ranar ban iya komawa ba. Shafi bayan shafi, da hannunki, kalmar da ban faɗa miki ba.

Kin kira ni cikin azumi. Kin ce kin gaji, sanyin ya shiga ƙirjinki, kina so ki zo ki yi salla a gida ko mako biyu ne. Me na ce? Na ce hanya ba kyau, wannan gaskiya ne. Amma ban tsaya nan ba. Na ce wanda aka ba amanar karatu ba ya ajiye ta don kwaɗayin tuwon salla, ki zauna ki gama abin da ya kai ki, tunda kin samu uwa a can ai ba ki rasa komai ba. Na ɗauka layin ne ya yanke, ashe kina nan. Kika ce to Inna, a gaida Baba. Da na ce ki taho, da babanki ya san yadda zai yi ya ɗauko ki ta Nijar, ya san hanyoyin da motar haya ba ta sani ba. Ban ce da kin rayu ba, ajali ba ya karɓar shawara. Amma da a ɗakin nan ya same ki. Ni na tura ki hannunta, sannan na zauna ina jin haushin ta karɓa. Wace irin uwa ke yin haka?

Makon jiya saƙo na uku ya shigo ta wayar Hadiza. Gajere ne. Farfesar ta ce ƙarshen watan nan za a ba wasu injin, kuma akwai wasu masu bincike a wata ƙasa da ke kusa da gano abin da kike nema. In ba su warware bayanin ba, dole su ajiye wannan ɓangaren, aikinki na ƙarshe ya tsaya a hoto cikin kwamfuta. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta ce me ya sa ba ku amsa ba. Har ta tambayi lafiyar ƙafar babanki. Wannan ma ya ba ni haushi, ke kika gaya mata zancen ƙafar.

Hadiza ta karanta saƙon kafin ta kawo mini, don haka asirina ya tonu. Ta tsaya tana kallona yadda nake kallonku in kun yi ƙarya. Babanki da ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san ilimin da mutum ya bari ana amfani da shi yana bin sa har kabari, kuma bai taɓa jin uwar da ta tsaya tsakanin ɗiyarta da ladarta ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi rumfa. Maganar da ni nake yi wa mutane ce ya mayar mini. Na yini ban ci abinci ba. Ban fasa jin abin da nake ji ba, kada ki ɗauka zuciyata ta wanke. Na dai ga cewa in aikin ya mutu, ba ita na hana ba. Ita tana da wasu ɗalibai, za ta ɗora hannu a kafaɗar wata. Ke ce ba ki da wani littafin.

Jiya da hantsi na sa mayafi, ni da Hadiza muka hau tudun bayan gari inda layin Nijar yake kamawa. Ta buga, ta miƙo mini. Muryar Farfesar ba yadda na zata ba ce, ta tsofaffi ce, tana rawa, kuma Turancinta bai fi nawa da yawa ba. Na ce mata ni ce uwar. Ban bari ta fara ta'aziyya ba. Na ce kalmar nan ba komowa ba ce, abinci ne, hatsi ne da ake dakawa a cura kamar ƙwallo. Na yara ƙarami, na gida matsakaici, na baƙo babba. Babu wani baƙo da ke komowa, girma ne kawai.

Sai na ji ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta ce bututun da ke fitar da dunƙulen azurfar saiti uku gare shi, kullum tana wucewa ta gabansa, wata shida bai zo mata a rai ba. Ta ce yanzu lambobin za su zauna, babban dunƙule ya fi daɗewa kafin ya kumbura, shi ya sa harbi na biyu yake jiran sa, kuma ke kika auna tsawon jiran. Ta ce za su bar kalmar yadda kika rubuta ta a cikin takardar, in na yarda. Na ce na yarda. Ina tsaye a kan tudu ina sauraron wata mace tana yi miki kuka da ƙarfi, ni da ko ranar da labarin ya zo sai da na shiga bayan ɗaki na toshe bakina da zane.

Sannan ta ce tana so in ba ta labarin yadda kike kina ƙarama. Na ce mata layin ba kyau, ba na ji. Na miƙa wa Hadiza wayar. Layin lafiyarsa lau. Allah ya yafe mini wannan ma.

To kin ji. Aikinki zai fita da sunanki a sama, mutanen da ban sani ba za su karanta, su yi ta ƙoƙarin faɗin dawo da karkataccen harshe. Abu ɗaya da nake da shi wanda ba ta da shi, na hau tudu da ƙafata na ba ta. Na dawo gida na zauna ina lissafin abin da ya rage mini, na ga ba yawa: yarintarki, da kwana biyun da na yi ina naƙudarki a ɗakin uwata. Waɗannan ko ta roƙa ba za ni bayar ba.

Ki yafe mini wata huɗun nan, da maganar azumi. Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya sa abin da kika bari ya bi ki da alheri. Ita ma Allah ya saka mata. Sai mun zo.

Ni ce,
Innarki, wadda ta riga kowa.